Sawu a Cikin Iska

Ni ce na fara ganin ɓarnar. Aikina a kamfanin ƙyanƙyasar kaji shi ne haska ƙwai: in ɗora tire a kan fitila, in ware mai rai da fanko. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi. Ƙwai mai kwana goma sha takwas in ka haska shi, za ka ga ɗan tsako ya cika shi yana motsi. Ranar Litinin ɗin nan na ɗora tiren farko, shiru. Na biyu, shiru. Da na kai na bakwai sai na zauna a kan bokiti ina salati.

Ƙwai dubu arba'in, duk sun mutu a cikin ɓawo.

Kafin ƙarfe tara an gano dalili. Bel ɗin babbar fankar da ke turo sabuwar iska cikin ɗakin injuna ya tsinke tun ranar Asabar, ga hutun kwana biyu, babu kowa a ciki. 'Yan tsakin sun rasa numfashi. Abin tambaya, ina ƙararrawa take? A jikin bangon korido, dab da ƙofar ɗakin, akwai wani ɗan akwati fari mai auna matsin iska. Siraran tiyo biyu ne suka fita daga bayansa, ɗaya ya shiga ɗakin, ɗaya yana waje. In fanka na aiki kuma ƙofa na rufe, allonsa yana nuna goma sha biyar. In lambar ta faɗi ta kai sakan talatin ba ta tashi ba, sai ƙararrawa ta ɗau ihu. Mu ma'aikata Magulmaciya muke ce mata.

To, Magulmaciya ba ta ce uffan ba. Maigadi ya rantse duk awa yana leƙa allon ofis da ke nuna lambar, goma sha biyar yake gani. Da Manaja ya zura hannu bayan akwatin, sai ga tiyo biyun an naɗe su tare, an ɗaure tam da robar ɗaure tire. An shaƙe ta da iskar da ke ciki, ta tsaya a kan lamba ɗaya kamar agogon da ya mutu.

Manaja ya ɗaga robar sama ya ce, "Wannan ba haɗari ba ne. Aikin wanda ya san na'urar ne."

Sai duk idanu suka juya kan ƙanwata.

*

Auta ce ta kafa na'urorin nan da hannunta, shi ya sa a wurin aiki ake ce mata Injiniya. Ni na riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarmu, a ɗakina ta yi karatu, mijina ne ya dinga kai ta makaranta a kan babur. Yarinya ce mai kai, sai dai bakinta ba shi da linzami, gadon gida ne.

Wata biyu kafin wannan, Manaja ya liƙa takarda a bango: duk wanda ya sa ƙararrawa ta yi kuka sau uku a wata saboda barin ƙofa a buɗe, ya ajiye rigar aiki ya kama gabansa. Auta ta tsaya a gaban kowa ta ce masa, "Ranka ya daɗe, don iska na sa na'urar nan, ba don farautar mutane ba. Wata rana za ta yi shiru, ku ne za ku yi kuka."

Wannan maganar aka tono. Ga shi kuma bayanan kwamfuta sun nuna lambar ta daskare ne ranar Alhamis ƙarfe goma saura kwata, ita kuwa sai sha ɗaya ta bar ginin zuwa reshen da aka tura ta. Biri ya yi kama da mutum. Matan da muke cin abinci kwano ɗaya suka fara ja da baya. Ina shiga ɗakin canza kaya sai hira ta mutu, kowa ta kama gyaran ɗankwali.

Mai kamfani ya ce zuwa Laraba da azahar, in ba a samu wani bayani ba, 'yan sanda za su zo su tafi da ita. Yarinyar da ko aure ba ta yi ba! Ko an sake ta daga baya, wa zai ƙara ba ta na'urarsa ta taɓa?

Na same ta a gida ta haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Ke, buɗe baki ki kare kanki mana!"

Ta ce, "Yaya, ki bar shi kawai. Abin da Allah ya rubuta."

"Allah ne ya ɗaure tiyon da roba? Tashi daga nan kafin raina ya ɓaci."

Mijina na zaune a kan kujera. Giwa ake ce masa a wurin aiki, don shi kaɗai yake tura keken ƙwai mai hawa goma sha shida kamar yana tura keken yara. Ya ce, "Ki bi a hankali, maman yara. Wataƙila mai kamfani ya huce."

Na ce, "Ya huce? Kai dai da sanyin jiki. Ni wurin Kawu za ni."

*

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne. Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu harbin namun da aka hana. Da ya yi ritaya sai mutane suka mai da shi mai nemo kayan sata. Shi ya taɓa gano wa mai kamfaninmu janaretan da aka sace, ta hanyar bin sawun baro, don haka da na kira sunansa ba a yi gardama ba. Kawu bai iya ko buɗe saƙo a waya ba, amma ƙasa yake karantawa kamar takarda.

Talata da safe muka shiga. Ya tsaya a korido ya dubi daɓen da ake wankewa da magani sau biyu a rana, ya yi tsaki.

"Ku kuma wane irin wuri ne wannan? Ko ƙuda ba zai bar sawu a nan ba."

Ya dubi akwatin, ya shinshina robar, ya mayar wa Manaja. Kowa a ginin nan yana da irinta a aljihu. Ya tura ƙofar, ya sake ta, ta komo da kanta ta rufe. Ya sake turawa yana kallon allo.

"Me ya sa lambar take faɗuwa in na buɗe?"

Auta, wadda na jawo dole, ta ce, "Iskar ciki ta fi ta waje ƙarfi, Kawu. In an buɗe sai ta tsere, lambar ta faɗi. In an rufe ta koma."

"Abin yana tunawa?"

"Kowane sakan yana rubutawa."

Kawu ya juyo gaba ɗaya. "Kowane sakan? Shi ne kuka bar ni ina shinshinar roba? A fito mini da shi a takarda, na wata huɗu."

Auta ta ce, "Kawu, layi ne kawai, ba abin da za ka gani."

Ya daɗe yana dubanta. Ni a lokacin na ɗauka karaya ce ta sa ta faɗi haka.

*

Kafin a gama buga takardun, Kawu ya ce a kai shi wurin Bakanike. Shi ne wanda nake zargi tun farko. Tsoho ne, kafin zuwan na'urori shi ke duba iska da gashin kaza a bakin ƙofa, kuma bai taɓa yafe wa Auta ba. Fanka kuma a hannunsa take.

Muka same shi a kan rufi yana sa sabon bel.

Kawu ya ce, "Sannu da aiki. An ce ba ka shiri da na'urar nan."

"Ba na shiri da ita, kuma ba zan yi ba. Mako uku ina ce wa Manaja bel ɗin nan yana kuka, a ba ni izini in tsayar da fanka awa ɗaya in canza. Ya ce allo ya ce lafiya lau. To ga lafiyar nan."

Na ce, "Sai ka shaƙe ta don a gane kai ne gwani."

Ya ajiye sifana. "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Ni da zan lalata ta, guduma zan sa a gaban kowa. Ban ma san tiyon nan biyu me suke yi ba. Je ki tambayi ƙanwarki wa ta koya wa."

Kawu ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin da man inji har cikin farce. Da muka sauko ya ce, "Tiyon fari ne tas. Wannan ko Alƙur'ani zai ɗauka sai ya bar yatsa. Ba shi ba ne."

Sai Gajere, abokin aikin mijina. Su biyu ne masu tura keke, suna karɓa-karɓa. Bakinsa ya fi tsayinsa, kuma kowa ya ji ranar da ya ce sai ya fasa Magulmaciya. Kawu ya duba takardar bango: Gajere yana da laifi biyu a wannan watan, saura ɗaya a kore shi.

Gajere ya ce, "E, na faɗa! Ku rataye ni a kan magana. Ai ba ni kaɗai ke da biyu ba, Giwa ma biyu gare shi."

Na ce, "Kar ka sake ka sako mijina a cikin shirmenka."

"Ni ban ce shi ya yi ba. Cewa na yi biyu gare shi."

Ni ban san Giwa yana da ko ɗaya ba, bai taɓa faɗa mini ba. Amma na share, na ce a raina mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, Gajere na neman wanda zai ja su faɗa tare.

Manaja ma Kawu bai ƙyale shi ba. Ya tambaye shi, "Kwana biyu ana aiki ƙararrawa ba ta yi ko tari ba. Ba ka yi mamaki ba?"

Manaja ya gyara wuyan riga. "Na ɗauka dokata ce ta fara aiki."

"Ai kuwa ta yi aiki," in ji Kawu.

*

Bayan la'asar muka shimfiɗa takardun a tsakar gidana, muka danne su da duwatsu da takalman yara. Kawu ya cire hula, ya durƙusa, ya fara bin layin da tsinke kamar mai tsintar allura. Layin yana tafiya a sama yana 'yar rawa, can sai ya faɗa rami ya fito.

"Zo ki gani. Kullum ƙarfe bakwai, rami biyu ƙanana a jere. Wane ne?"

Na yi tunani. "Mai shara. Takan shiga da bokiti, ta dawo ta ɗauki tsintsiya."

"Madalla. Wannan ɗan tsirit ɗin na ƙarfe takwas fa, ko ƙasa bai kai ba?"

Na yi dariya, karon farko tun Litinin. "Manaja ne. Kai kawai yake leƙawa, wai zafi."

"To kin gani. Wa ya ce babu sawu? Ga shi nan a cikin iska." Ya matsa gaba. "Waɗannan manyan na keke ne. Amma iri biyu ne. Wannan ya faɗa sau ɗaya ya fita, shar. Wannan kuwa dubi: ya faɗa, ya ɗan taso, ya sake faɗawa, sannan ya fita. Mutumin nan yana tsayawa a tsakiyar ƙofa. Ƙofar ta komo ta jingina da keken, sai ya sake yunƙurawa."

"Me zai tsayar da shi?"

"Akwai ɗan tudun ƙarfe a bakin ƙofar, na gan shi da safe. Tayar gaba ta hau, sai ya huta kafin ta baya." Ya ja tsinken baya, takarda bayan takarda. "Wata huɗu da suka wuce babu wannan sawun, duka biyun shar suke wucewa. Sai ya fara, sakan goma sha biyar. Wata na gaba, ashirin. Ga ashirin da biyar. Na sha ganin irin wannan a daji. Dabba ce mai ciwo a ƙafa, tana ɓoyewa kar garke ya bar ta."

Ya koma takardar ƙarshe, ta ranar Alhamis. Ramin ƙarshe mai haƙori biyu ne, sakan ashirin da tara. Bayansa da minti biyu layin ya daina rawa, ya miƙe sambal har ƙarshen takarda.

Na tafa hannu. "Gajere! Wallahi na sani. Ɗan guntun nan ina ya ga ƙarfin keke?"

Auta ta tashi ta shige ɗaki. Kawu ya ɗago kai. Idonsa na kan takalman da ke bakin ƙofar ɗakina. Can ya ce, "'Yar nan, tiyon nan, wa Auta ta taɓa nuna wa yadda ake shaƙe su?"

"Ba kowa. Mu dai ta taɓa yi mana wasa da tsinken shan lemo a nan tsakar gida, lokacin tana koyo. Ni da yara da babansu."

Ya tattara takardun a hankali. "Zan tambaye ki abu ɗaya. Sawu bai san dangi ba. In na bi shi, inda ya shiga nan zan shiga. In ci gaba?"

Raina ya ɓaci. "Kawu, gobe da azahar za a sa wa 'yar yayarka ankwa, kana tambayata? Ko cikin ɗakina ya shiga, bi shi!"

Ya ce, "To, ke kika faɗa."

Wallahi da bakina na faɗa, kuma ban ji me nake faɗa ba.

*

Laraba da hantsi Kawu ya sa aka tara mu a korido: mai kamfani, Manaja, Bakanike, Gajere, Giwa, Auta da ni, sauran ma'aikata kuma suna leƙe ta taga. Fanka na aiki, Magulmaciya na nuna goma sha biyar. An jawo allon ofis an ɗora a kan tebur, layin yana tafiya a gaban kowa. Kawu ya liƙa takardar Alhamis a gefensa, ya yi bayanin ramin mai haƙori biyu a taƙaice. Sannan ya sa aka cika keke da mataccen ƙwan nan har sama.

"Ba zan tambayi kowa komai ba. Kowa ya shiga yadda ya saba."

Mai shara ta shiga ta fito. Manaja ya leƙa kai, wani ya yi dariya ta taga, ya haɗiye. Sai Kawu ya nuna Gajere.

Na naɗe hannu a ƙirji ina jira. Gajere ya tofa yawu a tafinsa, ya ja baya, ya taho da gudu, ƙaf-ƙaf, tayoyi huɗu suka haye tudun. Layin ya faɗa sau ɗaya ya fito. Sakan goma sha ɗaya.

Na ce, "A sake! Ya san ana kallonsa ne."

Ya sake, sakan goma. Ya dube ni ya ce, "In ƙara?" Laifinsa biyu, ashe, na tsayawa surutu ne a bakin ƙofa.

Kawu ya ce, "Saura kai, surukina."

Kowa ya juya ga allo. Ni kaɗai na juya ga mijina. Na ga ya goge hannu a wando, ya kama ƙarfen keken, ya cije leɓe. Ya tura. Tayoyin gaba suka hau. Sai na ga ƙafarsa ta dama ta yi rawa, gwiwar ta lanƙwashe kamar ba tasa ba, ya rungume keken ya tsaya. Ƙofar ta komo ta jingina da shi. Ya ja numfashi ya sake yunƙurawa, gumi na zuba daga haɓarsa.

Ban dubi allon ba. Ba na buƙata. Na ji Bakanike ya ce, "Innalillahi."

Wannan karon Giwa bai ƙarasa ba. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar, kansa a kan ƙarfe, har sakan talatin suka cika. Magulmaciya ta tsala ihu, ta yi ta yi, babu wanda ya motsa sai da Auta ta je ta kashe ta.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni ne."

Mai kamfani ya ce, "Kai, Giwa? Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba, ranka ya daɗe. Gwiwata ce. Wata huɗu ke nan. In na faɗa, za a ce Giwa ya ƙare. Ranar Alhamis biyu gare ni, na ga saura ƙiris ƙararrawa ta yi kuka, ga keke biyar suna jirana. Na ce in ɗaure ta in gama, in kwance da yamma. Da yamma na tuna Juma'a ma akwai lodi. Ranar Juma'a kuma ciwon ya kai mini ko'ina, na yi sauri in sami kemis kafin ya rufe. Sai Litinin na tuna, da na ji salatin maman yara."

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. "Ka manta roba, na ji. Litinin fa? Talata fa? Kana zaune a kujerata kana kallon yarinyar nan tana jiran ankwa, kana ce mini in bi a hankali? Kai da ka goya ta a babur? Ka ci amana, baban yara. Wallahi ka ci amana!"

Ya ce, "Kullum sai in buɗe baki, sai ya ƙi."

"Ai da ka bar shi a buɗe, ko ƙuda ya faɗa!"

Kawu ya riƙe hannuna ya janye ni. Sannan ya je bango ya ɓamɓaro takardar dokar, ya miƙa wa mai kamfani.

"Sawu biyu ne a wurin nan. Na farko kun gan shi. Wannan ne na biyu. Abin nan wata huɗu yana gaya muku akwai mai ciwo a cikinku, babu wanda ya duba, sai ƙidayar laifi. Ga kuma tsoho mako uku yana cewa bel na kuka. Ni nawa ya ƙare."

Manaja ya buɗe baki, mai kamfani ya ɗaga masa hannu.

*

Ba a kira 'yan sanda ba. An karɓi rigar aikin Giwa a ranar, shekara goma sha tara suka tafi a banza. An cire dokar. Manaja yana nan daram, ai manya ba sa zamewa, sai dai a ce daɓe ne ke da santsi. Matan ɗakin canza kaya suka dawo da "ai mu dama mun san ba ita ba ce," na ce Allah ya saka, na wuce.

A hanyar gida na ce wa Auta, "Ki yafe mana. Gidana ne ya so ya cinye ki."

Muka tsallaka titi. Sannan ta ce, "Yaya, tun ranar Litinin na sani. Ni na kafa na'urar, ina kallon layin nan kullum. Na ga ramin yana faɗi, na yi niyyar in yi masa magana in na dawo daga tafiya."

Na tsaya cak. "Kin sani? Shi ne za ki bi 'yan sanda da bakinki a rufe?"

"Yara huɗu gare ku. Ni kuwa ni kaɗai ce."

Na ɗaga hannu zan kwaɗa mata mari a tsakiyar titi, sai na ga hannun ya jawo ta jikina. Muka yi ta kuka, masu mota na mana hon. Na ce, "Shashasha kawai. In kika ƙara yi mini irin wannan, sai na karya ki."

Washegari na kai Giwa asibiti. Ban yi masa magana a mota ba, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu da zancen yara. Bai roƙe ni ba, ya san ba lokacinsa ba ne. Wurin Auta ya je, ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ita ta ɗaga shi.

Likita ya ce da an zo wata uku da suka wuce da magani ya isa, yanzu sai tiyata. Da muka fito na yi gaba, shi yana baya. Koridon asibitin dogo ne, babu kowa. Sai na ji shi: taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya a jaye. Taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya a jaye. Ni da nake gane ɗan tsako mai rai ta cikin ɓawo, wata huɗu mutumin nan yana shiga ɗakina yana fita da wannan tafiyar, akwati a jikin bango ya ji, ni ban ji ba.

Ban juya ba. Na dai rage sauri har ya iso.